Yadda aka tayar da allon Neo Geo a kan talabijin ta gwanjo a Zariya

Allon, wato na'urar da ke cikin akwatin wasan, ya fito ne daga wani gidan gem da ya taɓa ci a Sabon Gari, aka rufe shi bayan da PlayStation ta kwashe yaran unguwa. Akwatunan katakon kafintoci suka saye, gilasan talabijin ɗin suka bi 'yan gwangwan, abin da ya tsira shi ne allo ɗaya da kaset biyu a cikin kwalin taliya a saman sif. Ɗan ƙanwar mai gidan, ɗalibi ne a Samaru, shi ya roƙi kawun nasa ya bar masa, ya kawo mini shagona a Tudun Wada inda nake gyaran talabijin da rediyo. Buƙatarsa guda: ya ga wasan nan ya tashi a ɗakinsa, ya buga da abokai, kuma kuɗin da ke hannunsa kuɗin ɗalibi ne.

Allon na kamfanin SNK ne na Japan, irin da ake kira Neo Geo MVS, wanda ya fara fita a 1990, mai ramin kaset ɗaya. Kaset ɗin kuma Metal Slug na 1996 da The King of Fighters '98. Babu inda za ka cusa wayar HDMI a jikinsa, babu ramin nan uku na ja da fari da ruwan ɗorawa da muka saba gani a bayan DVD. Abin da yake da shi kawai jerin haƙora ne na ƙarfe a gefe ɗaya, 28 a sama, 28 a ƙasa, jimilla 56. Wannan tsari shi ne JAMMA, ƙa'idar da ƙungiyar masu ƙera injinan wasa ta Japan ta fitar a 1985 don mai gidan gem ya iya zare allo ya sa wani a akwati ɗaya ba tare da ya sake waya ba. Ta waɗannan haƙora wuta ke shiga, hoto da sauti su fita, maɓallai su kai saƙo. Aikinmu ke nan: mu maye gurbin akwatin da aka sayar wa kafinta da ƙaramin abu da zai zauna a kan tebur. Masu harkar suna kiran irin wannan haɗi supergun, kuma ana sayar da shi a haɗe daga waje, sai dai in ka lissafa dala da kuɗin aike, ya fi ƙarfin aljihun yaron nesa ba kusa ba.

Yaron ya zo da tunaninsa a shirye. Akwai filasma a ɗakin abokinsa, yana son a sayo kwanbata, na'urar da ke sauya siginar hoto, a haɗa. Na ce ya dakata tukuna mu ga ko allon ma yana da rai, don ba a sayen komai saboda abin da ba a tabbatar yana numfashi ba.

Abin da na fara dubawa batir ne. Irin waɗannan alluna suna ɗauke da ƙaramin batir mai caji da ke riƙe agogo da lissafin kuɗin da aka zuba, kuma idan ya shekara da shekaru a ajiye yakan yi yoyo ya cinye siraran hanyoyin tagulla da ke kewaye da shi. Namu ya fara fitar da farin gari da ɗan kore a ƙafa ɗaya, amma bai kai ga yanke hanya ba. Na cire shi gaba ɗaya, na wanke wurin da sifirit da tsohon buroshin haƙori, na bi hanyoyin da mita ɗaya bayan ɗaya. Allon yana tashi ba batir, abin da za a rasa shi ne saiti da makin da aka ci in an kashe wuta. Haƙoran kuma sun yi baƙi da ƙurar hunturu ta shekaru, kilina ta 'yan makaranta ta goge su tas.

Sai wuta, wadda a ganina nan ne ake kashe allo, ba wurin hoto ba. JAMMA tana son bolt 5 a haƙori na 3 da na 4, bolt 12 a na 6, giraun, wato layin da wuta ke komawa ta kansa, a na 1 da 2 da 27 da 28. Akwai kuma bolt 5 na negatif a haƙori na 5, wanda wasu tsofaffin alluna ke buƙata don sauti, amma Neo Geo ba ruwanta da shi, abin da ya rage mana wahala. Mafi araha shi ne fawar tsohuwar kwamfutar tebur, kuma masu gyaran kwamfuta a PZ suna da su jibge. Jar waya bolt 5, ruwan ɗorawa bolt 12, baƙa giraun, kuma ba ta tashi sai an haɗa koriyar waya da baƙa, don haka a tsakaninsu muka sa makunni. Wasu daga cikin waɗannan fawa suna da ɗan jan maɓalli a baya mai zaɓi tsakanin 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka kan zo a kan 115, kuma wutarmu 230 ce. Wanda bai duba wannan ba, ƙara ɗaya zai ji da hayaƙi.

Fawar kwamfuta tana da aibi biyu a wannan aiki. Na farko, tana iya tura amfiya da yawa ƙwarai a layin bolt 5, fiye da abin da allon zai taɓa nema, ta yadda in waya ta taɓa waya, kafin ta kashe kanta hanyar tagulla ta riga ta ƙone. Shi ya sa na sa fis a kan jar waya da ruwan ɗorawar. Na biyu, ba ta da abin juyawa na ƙara wuta ko ragewa kamar fawar asali ta akwatin gem. Wannan ya nuna kansa nan take. Da muka kunna a karon farko, kafin ma a haɗa hoto, sifika sai ƙas, ƙas, ƙas take yi a jere, alamar allon yana tashi yana faɗuwa. A bakin fawa mita ta nuna bolt 5 cif. A haƙorin allo kuwa ta nuna 4.6. Wayar da yaron ya kawo ce, siririya irin ta sifika, ta shanye sauran a hanya. Ƙananan aisi na wancan zamani, wato baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ke jikin allon, suna son tsakanin 4.75 da 5.25, ƙasa da haka sai su riƙa ruɗewa. Muka sa jajayen wayoyi masu kauri, muka cika duka haƙoran bolt 5 sama da ƙasa, haka ma giraun, muka rage tsawon. Mita ta hau 4.95, ƙarar ta ɗauke. A bakin allo ake awo, kuma yana kunne da kaset a ciki.

Soket ɗin JAMMA shi ne abu na farko da ba mu samu a tsohon kaya ba, sai da aka yi odarsa. Da ya iso na nuna wa yaron ramin haƙori na 7, inda allon yake da tsaga. Na yanka ɗan guntun roba na liƙa a ramin, yadda soket ɗin ba zai shiga a juye ba. Ya ce, "Baba, ai zan riƙa lura." Na ce masa ya ƙirga: in ka juya shi, haƙori na 6 mai bolt 12 zai sauka a kan na 23, layin maɓalli, wanda bai san komai ba sai bolt 5. Ranar da aka ɗauke wuta kana lalube da fitilar waya, lura ba za ta cece ka ba. Na kuma rubuta SAMA da maka a bayan soket ɗin.

Yanzu maganar hoto. Allon yana fitar da launi uku a rarrabe, ja a haƙori na 12 ta sama, kore a na 12 ta ƙasa, shuɗi a na 13 ta sama, sannan sigina ta huɗu a na 13 ta ƙasa, wadda masu gyara ke kira sink, ita ke gaya wa talabijin inda layi ya ƙare da inda sabon hoto ya fara. Neo Geo tana zana layi 15,625 a daƙiƙa, hoto kuma sau 59 da ɗoriya. Monitan kwamfuta mai VGA yana jiran layi wajen 31,500, ninki biyu, don haka ko ka dace da wayoyin, rubutu kawai zai nuna maka cewa bai gane ba. Filasma kuma ba ta da ramin da zai karɓi wannan sigina in ba irin ta Turai ba.

Hanyar da yaron ya zo da ita ita ce GBS-8200, ƙaramin allo ne na Sin mai karɓar wannan sigina ya mayar da ita VGA. Yana aiki, ba na musu. Amma yana ɗaukar hoton wasa tamkar shirin talabijin ne mai layi a sarƙe, sai ya sarrafa shi yadda bai dace ba, abin da ke motsi ya yi dishi-dishi, kuma ana samun ɗan jinkiri tsakanin danna maɓalli da ganin naushi. A Metal Slug za a iya haƙuri. A King of Fighters, inda ake kare duka a ƙiftawar ido, jinkirin nan shi ne bambancin ci da faɗuwa. Akwai masu gyara shi da ƙara masa wata ƙaramar na'ura mai suna ESP8266 da manhajar gbs-control, hoton ya gyaru sosai, sai dai wannan sabon saye ne da sabon aiki, ga kuma wata kwanbatar daga VGA zuwa HDMI idan filasmar ba ta da VGA. Manyan kwanbatoci irin su OSSC da RetroTINK kuwa kyansu ba magana, kuɗinsu ma ba magana.

Abin da na ba shi shawara yana jibge a bayan shagona, kuma yana jibge a kusan kowane shagon gyara daga Kwangila har Ƙofar Doka: tsohuwar talabijin mai tozo ta gwanjo, wadda ta shigo daga Turai. Duba bayanta za ka ga wani faffaɗan rami mai ƙafa 21, shi ne SCART, ƙirar Faransa, wanda aka wajabta a talabijin ɗin ƙasar tun 1980 ya kuma bazu Turai. Mu nan ba mu cika amfani da shi ba sai dai a cusa masa adafta a sa wayar DVD, alhali a cikinsa akwai ƙafafun ja da kore da shuɗi a rarrabe, daidai abin da allon gem ke fitarwa. Wani abin daɗi kuma, tsarin talabijin na PAL da Nijeriya da yawancin Turai suka bi shi ma layi 15,625 yake zanawa a daƙiƙa, daidai da Neo Geo. Bambancin yana wurin yawan hoto ne, 50 a PAL, 59 a allon. Talabijin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama galibi suna karɓar 60 ba gardama. Waɗanda suka girme su ne hoton kan riƙa gudu sama. Launi kuwa ba ya ɓacewa ya koma fari da baƙi kamar yadda kaset ɗin Amurka kan yi, domin ta wannan hanya ba a bi ta PAL ko NTSC na Amurka ba sam.

Ya ɗan ɓata fuska. Wa zai ɗauki tozo zuwa Samaru a wannan zamani? Na ce ai waɗannan wasanni don irin wannan gilashi aka zana su, kuma masu su neman kai suke da su. Mai inci 21 muka ɗauka, wadda mai ita ya bar mini shekarun baya a bakin kuɗin gyara. Gargaɗi ɗaya ga mai zuwa saye: ba kowane ramin SCART ne aka haɗa wa launi uku ba. In talabijin tana da biyu, yawanci na farko ne, mai rubutun AV1 ko EXT1. A je da kayan a gwada kafin a biya.

Ga yadda wayar ta tafi. Ja zuwa ƙafa ta 15 ta SCART, kore zuwa 11, shuɗi zuwa 7, sink zuwa 20, giraun ɗin hoto daga haƙori na 14 zuwa ƙafafun giraun, su 5 da 9 da 13 da 17 da 18. Amma ba kai tsaye ba, kuma nan ne masu gaggawa ke ɓata talabijin. An ƙera allon ne don gilashin akwatin gem, wanda ke karɓar sigina mai ƙarfin bolt da dama. SCART kuwa 0.7 kawai take so a kowane launi. Don haka a kan kowane launi na sa rezista mai juyawa irin ta bolum, om 500, a kan sink kuma rezista om 470. Duka daga matattun rediyo na ciro su, ban da masu juyawar, waɗanda na fi son su zama iri ɗaya don launi ya daidaita.

Yaron ne ya yi haɗin da dalma da hannunsa, ina kallo. Da aka kunna, gilashi baƙi ƙirin, sai dai baƙin a tsaye yake cak, ba yayyafi, ba rawa. Ya ɗauka allon ne ya mutu. Na ce ya sake kallon baƙin. Talabijin da ba ta samun komai ba haka take yi ba. Wannan ta kama sink, tana zana hoto, launin ne ba ta ɗauka. Dalili shi ne ƙafa ta 16, wadda ya tsallake don bai ga sunanta a cikin launuka ba. Sai ta ji wuta tsakanin bolt 1 da 3 kafin talabijin ta juya ga ja da kore da shuɗi, in ba haka ba hoto na yau da kullum take nema a ƙafa ta 20, inda babu komai sai sink. Muka jawo bolt 5 ta rezista om 180, wanda idan ya haɗu da om 75 na cikin talabijin yake sauka wajen bolt ɗaya da rabi. Muka kuma kai bolt 12 ƙafa ta 8 ta rezista om 1,000, don talabijin ta riƙa shiga AV da kanta, tunda rimot ɗinta ya daɗe da ɓata.

Hoto ya fito, amma ba wasa ba, raga ce ta fararen layuka a kan baƙi. Wannan albishir ne: haka Neo Geo ke yi in tana lafiya amma ba ta ga kaset ba. Ragar ma ta yi mana amfani, da ita muka juya rezistocin uku har farin ya zama fari, ba ja-ja ba, ba kore-kore ba, kuma bai yi hasken da layi zai kumbura ba. Kaset ɗin MVS alluna biyu ne a ciki, kowanne da nasa haƙora, ramukan kuma sun sha ƙura. Sifirit da kati nannaɗe da ƙyalle mai tsabta, aka bari ya bushe, aka danna kaset har ya zauna daram. Metal Slug ya tashi. Hoton ya ɗan karkata hagu, abin da aka saba gani ne a talabijin ta SCART in an shiga da launi uku, ana gyara shi a saitin masu gyara, amma wannan sai da rimot. Ban buɗe bayanta ba, ban kuma yarda ya buɗe ba, don gilashin nan yana riƙe dubban bolt ko bayan an zare soket.

Sauti bai ci mana lokaci ba. Allon yana da amfilifaya tasa, da bolt 12 take aiki, tana fitarwa a haƙori na 10 sama da ƙasa, kai tsaye zuwa sifika mai om 8. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki waɗannan wayoyi biyu a cusa a ramin sautin talabijin. Ƙarfin ya yi yawa, sannan a alluna da dama wayar negatif ta sifika ba giraun ba ce, in talabijin ta haɗe ta da giraun amfilifayar ce za ta ƙone. Sifikar tsohuwar rediyo muka ɗaure a cikin akwatin, bolum kuma yana jikin allon. Wanda allonsa mai ramin kaset biyu ko huɗu ne ya kula, tsarin wayar sautinsu ya saɓa da na JAMMA zalla.

Hannun wasa shi ne mafi sauƙin fahimta, shi ne kuma inda muka yi ja-in-ja. A JAMMA kowane maɓalli makunni ne kawai da ke haɗa haƙorinsa da giraun. Na 17 fara wasa, 18 zuwa 21 sama da ƙasa da hagu da dama, 22 zuwa 24 maɓallai uku, na huɗun Neo Geo a 25. Ɗan wasa na ɗaya a jerin sama, na biyu a jerin ƙasa. Shi ya sa hannun PlayStation ko na USB ba ya shiga haka nan, su saƙo suke aikawa a dunƙule ta waya kaɗan. Yaron ya so mu farke hannun USB mai araha, mu yanke hanyoyin da ke zuwa aisinsa, mu liƙa waya a kowane maɓalli. Ana yi, in dai maɓallan giraun ɗaya suke rabawa, kuma mun yi wa ɗan wasa na biyu haka don kuɗi ya ƙare. Amma araha ba ta ado: wurin liƙin baƙin kabon ne a sama, sai an kankare kafin dalma ta kama, wayoyi goma sha wani abu suna fita ta ƙaramar huda, kuma robar ciki ba ta jure irin dukan da ake yi wa wasan faɗa. Ga na ɗaya na dage sai an sayi sanda da maɓallai na asalin akwatin gem, kwaikwayon Sin na ƙirar Sanwa, suka zo tare da soket ɗin JAMMA a oda ɗaya. Kafinta a maƙwabta ya yi akwati da ragowar filawud, ya huda ramuka milimita 30 na maɓallai.

Don a riƙa cire hannu a mayar, na sa soket mai ƙafa 15 irin na Neo Geo ta gida, mai layi biyu, wanda ake samu a bayan tsofaffin kwamfutoci a matsayin ramin hannun wasa. Kar a rikita shi da na VGA, shi ma ƙafa 15 ne amma layi uku. Kuɗin wasa kuma, ko dai a sa maɓalli a haƙori na 16 a riƙa dannawa a madadin jefa kwandala, ko a ɗaga ƙaramin makunni na 7 a jerin takwas da ke jikin allon, wasa ya zama kyauta. Yaron garin ɗaga na 7 ya haɗa da na 8, hoto ya daskare, ya kira ni a waya hankali tashe. Na 8 aikinsa ke nan, tsayar da wasa. Ya mayar da shi, ya kuma zaɓi maɓallin kwandala a ƙarshe, wai ƙarar shigar kuɗin tana cikin daɗin.

In an tattara, sabon abin da aka saya shi ne soket ɗin JAMMA, sanda da maɓallai, kan SCART, rezistoci masu juyawa uku, fis da waya mai kauri. Sauran duka tsohon kaya ne. Jimillar ba ta kai abin da kwanbata biyu za su ci ba, kuma mafi tsada a ciki sandar ce. Sharaɗin da na kafa masa kafin ya ɗauka shi ne sitabilaiza, kuma kar a kunna a kan ƙaramin janareta sai ya gama daidaita, don talabijin ana samun wata gobe, allon kuwa ba a ƙera irinsa yanzu. Na ce ya ɗaga allon a kan ƙafafun roba don iska, ya riƙa rufe shi da ƙyalle in an kashe, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Saura abu biyu. Sautin yana ɗan shaƙewa in allon ya yi zafi, alamar kafasitocin da ke kewaye da amfilifaya sun tsufa, za a canza su in ya samu hutu. Sannan kawun nasa, da ya zo ya gani, ya ce yana jin akwai allon Street Fighter II a wurin wani tsohon abokin sana'arsa a Kaduna. Wannan na Capcom ne, zai shiga soket ɗinmu, amma maɓalli shida yake so, ukun shuri kuma ba ta JAMMA suke bi ba, wayarsu daban take a jikin allon. Na ce wa kafinta ya bar wurin ƙarin ramuka biyu a murfin akwatin.